Rami na Goma Sha Uku

Shekara tara Iliyasu ya yi yana auna motoci a ƙofar masana'antar siminti ta Malbaza. Mota ta hau sikeli wayam, ya rubuta. Ta shiga ta ɗauko kaya, ta dawo ta sake hawa, ya rubuta, ya debe na farko daga na biyu. Iyakar aikin ke nan. Mutumin da tun yana lakwal, makarantar boko, a Ƙonni shi ake kira gaban allo in lissafi ya gagari aji, ga shi ya ƙare a debe wannan daga wancan sau sittin a yini. Ba ya ƙorafi, don ba halinsa ba ne. Amma ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

A farkon shekarar 1975 takarda ta zo daga Yamai. Wani buro, wato ofishin gwamnati, ya samu injin lissafi, wanda suke kira ordinatar, ana kuma neman mutum biyu daga cikin akawunan ƙasa a tura su koyon sarrafa shi. An haɗo da ɗan littafi mai koyar da yadda ake rubuta wa injin umarni, da takardu masu gida tamanin a kowane layi, da matsala guda ɗaya. Ga lambobi goma sha biyu a hargitse: 8, 3, 11, 5, 1, 12, 7, 2, 10, 4, 9, 6. A rubuta umarnin da zai sa injin ya jera su daga ƙarami zuwa babba. Kowa yana da dama uku, kuma wanda ya haura shekara talatin kada ya wahalar da kansa. Takardar haihuwar Iliyasu, wadda aka ƙiyasta masa da ido ranar da za a sa shi lakwal, ta ce a Janairu mai zuwa zai shiga talatin da ɗaya. Wato in bai fita daga bukkar sikeli bana ba, a nan zai tsufa.

Wani zai ce jera lamba goma sha biyu ai ko yaro ya yi. Gaskiya ne, amma yaro yana da hankali. Injin nan ba shi da ko ɗigo. Lamba biyu kawai yake iya dubawa a lokaci guda, abin da aka rubuta masa kuma shi zai yi, ko da an rubuta masa ya faɗa rijiya. Abin da ya ƙara wa aikin nauyi, Iliyasu bai taɓa ganin injin da idonsa ba. Zai cika takardunsa, ya sa a ambulan, ya ba Rabilu ƙanin matarsa, wanda ke tuƙa kamiyon siminti zuwa Yamai. A can akwai Chindo, abokin karatunsa na lakwal, wanda aikinsa huda katuttukan da injin ke karantawa. Chindo ya huda, a jira layi, a saka wa injin, amsa ta jira Rabilu ya sake zagayowa. Tsakanin tambaya da amsa sati biyar ne in an yi sa'a.

Dama ta farko ta tafi a banza. Injin ya ƙi ko duban aikin, saboda Iliyasu ya fara rubutu a gida na shida maimakon na bakwai. Sati biyar na jira, a kan gida ɗaya wanda bai kai faɗin farce ba.

Ta biyu ta fi ciwo. Chindo ya rubuto a bayan takardar cewa injin ya karɓi aikin, ya kama lamba ta farko da ta biyu yana ta gwada su, yana ta gwada su, har mai kula da shi ya gaji ya kashe. Iliyasu ya manta ya ce masa ya matsa gaba. A ƙasa Chindo ya ƙara da cewa, “Saura ɗaya. Ba ni da izinin taɓa maka ko harafi, ka sani.”

Iliyasu ya karanta wannan a tsaye a bakin sikeli, Rabilu na leƙo shi ta tagar mota yana murmushi. Abin da ya ci masa rai shi ne, sau goma sha ɗaya ya bi wancan aikin da fensir kafin ya aika, layi bayan layi, kuma kowane karo hannunsa da kansa yake matsawa zuwa lamba ta gaba, don ya san abin da yake nufi. A nan ya gane cewa ba zai iya duba aikinsa da kansa ba. Yana bukatar wanda bai san abin da ke ransa ba, wanda zai bi rubutun kawai kamar jakin da aka ɗora wa kaya.

To, a duk Malbaza sai ya zaɓi Barira.

Barira matarsa ce, 'yar masu lambu daga Badaguishiri, shekararsu goma sha biyu tare. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, abin da ya sa ya ga ta dace ke nan. Bai tsaya ya tuna cewa wannan matar ce in ya ce a miƙo masa farar riga alhali shuɗiya yake nufi, shuɗiyar take kawowa ba tare da ta ce uffan ba. In ya gaya wa baƙo cewa ran Laraba za su je suna, ita ce za ta shirya komai ran Talata, don ta san sunan Talata ne, ya tashi ya tarar da takalmansa a goge ya ɗauka shi ya tuna. Mutum yakan zauna cikin irin wannan gatan har ya daina ganin sa.

Kwana uku ya yi yana gyaran aikin. An ce ƙarshen watan Yuni za a rufe karɓa, ga shi Rabilu zai loda da safiyar Alhamis, bayan shi kuma babu wata tafiyar da za ta riski lokaci. Ran Laraba bayan la'asar Iliyasu ya ɗauki fartanya ya haƙa ramuka goma sha biyu a jere a tsakar gida, irin na dara amma sun fi faɗi. Barira ta kawo 'ya'yan tsamiya da ta tara na kunu. Ya zuba takwas a ramin farko, uku a na biyu, goma sha ɗaya a na uku, har ya kai ƙarshe. Ya ajiye ƙwarya cike da sauran 'ya'yan a gefenta.

Zafi ya yi yawa ran nan, hadari yana ta haɗuwa a gabas yana watsewa. Rabilu, wanda a gidan yake sauka duk lokacin da yake jiran lodi, yana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfa da ludayin fura a hannu. Wasa ne tsakaninsa da mijin yayarsa, kuma bai taɓa barin dama ta wuce shi ba.

“Akawu,” in ji shi, “ashe duk wahalar da nika sha da ambulan ɗinka, dara ta? Da ka hwaɗi tun hwarko, da na kai ka gindin ceɗiyar kasuwa, tsohhi su koya maka kyauta.”

Iliyasu ya ɗauko takardunsa. Ya zauna a kujerar tsuguno, ya ɗora takardun a gwiwa, ya sa rula ƙarƙashin layin farko.

“Barira, yau ke ce injin,” ya ce. “Abin da nic ce shi za ki yi. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki yi tunani. In ana son ɗiya, ga ƙwarya ki ɗiba. In an rage, ki mai da ciki.”

“To, Malam.”

“Dibi rami na ɗaya da na biyu. Na hagu ya hi na dama yawa?”

Ta ƙirga da yatsa. “Ya hi. Takwas da ukku.”

“To. Ramin hagu shi zama daidai da na dama.”

Barira ba ta taɓa ramin ba. Idonsa na kan takarda, yana jiran ƙarar 'ya'yan tsamiya, bai ji ba.

“Sannan mi?” ta tambaya a hankali.

“Sannan ramin dama shi zama daidai da na hagu. Mi kike jira?”

“Injinka ya mutu tun ba a bar gari ba,” in ji Rabilu, yana dariya. “Karo na ukku ke nan. Yaya, ki bari in tura shi.”

Barira ta dubi ƙaninta, ta dubi mijinta, wanda jijiyar wuyansa ta fito. Sai ta sunkuya, hannuwanta suka yi aiki.

“Ba komi,” ta ce. “Na yi.”

Ya ɗaga ido ya ga uku a ramin farko, takwas a na biyu. Ya ja rula ƙasa.

“Matsa gaba da rami guda.”

Haka suka yi ta yi. Daga farkon jere zuwa ƙarshe gwaji goma sha ɗaya ne, kuma umarnin ya ce a zagaya sau goma sha ɗaya. Iliyasu bai tsallake ko ɗaya ba, ko da ya ga jeren ya riga ya daidaita tun kafin a kai ƙarshe, don injin ba ya tsallakewa. Murya ta dishe masa. Barira na tafiya a durƙushe daga rami zuwa rami, gumi na ɗiga daga haɓarta, ba ta nemi hutu ba. Rabilu ya yi ba'a har ya gaji ya yi gyangyaɗi. Ana gab da kiran magariba suka gama. Iliyasu ya bi ramukan da kansa yana ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku, har goma sha biyu, babu wanda ya kauce.

Ya daɗe a tsaye yana kallon su. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun yana gaban allo a Ƙonni. Barira ta ɗauki ƙwaryarta, cike kamar yadda ta kawo ta, ta koma madafa. Da safe ambulan ya tafi.

Damina ta sauka sosai a watan Yuli. Hanya ta lalace a wurare biyu, motoci suka yi ta kwana a gefen kwari, Rabilu ya yi tafiya biyu bai samu amsa ba. Iliyasu ya ci gaba da auna motoci, amma yanzu yana kallon bukkar sikelin kamar baƙon da ya kusa sallama. Har ya fara koya wa mai gadi inda ake buga sikelin in allurarsa ta maƙale. Barira ta tambaye shi sau ɗaya ko gidajen Yamai suna da wurin ɗaure awaki. Ya ce za a gani, yana murmushi.

A tsakiyar Agusta, da hantsi, Rabilu ya hau sikeli da motarsa wayam. Ya miƙo ambulan ta taga, bai ce komai ba, bai kuma dubi Iliyasu ba. Rabilun da ba ya iya gaisuwa sai da tsiya. Tun daga nan Iliyasu ya san ba albishir ba ne.

Ya rubuta nauyin motar tukuna, sannan ya buɗe. Doguwar takarda ce mai huda a gefe, da layi ɗaya a tsakiya:

1 1 1 1 1 2 2 2 4 4 6 6

A baya Chindo ya rubuta cewa wannan karon injin ya karɓa, ya yi aiki, ya tsaya da kansa, amma ga abin da ya fitar. An ɗauki mutum ɗaya daga Damagaram, ɗaya daga Yamai. Ya yi haƙuri.

Wata mota ta yi oda a bayan ta Rabilu. Iliyasu ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ɗaga hannu ta hau. Ya auna motoci arba'in da bakwai a ranar, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Bai ji baƙin ciki ba tukuna. Abin da ke damunsa tambaya ce: ina goma sha biyu ta shiga? Ina takwas, ina goma sha ɗaya? Ya gan su da idonsa a tsakar gidansa, kowace a raminta.

Da ya koma gida bayan la'asar bai cire rigar aiki ba. Ruwa ya riga ya shafe ramukan, ciyawa har ta tsiro a wurin. Ya ɗauki fartanya ya sake haƙa su. Barira ta fito daga ɗaki, ta ga fuskarsa, ba ta tambaye shi amsa ba. Ta je ta ɗauko 'ya'yan tsamiya.

“Mu sake,” ya ce.

Wannan karon bai ɗauko takardun ba, don ya haddace su kamar karatun allo. Ya tsuguna kusa da ita, idonsa a kan ramukan.

“Na hagu ya hi na dama?”

“Ya hi.”

“Ramin hagu shi zama daidai da na dama.”

Ta sa hannun hagu ta kwashe takwas ɗin, ta dunƙule. Da hannun dama ta ɗebo ukun nan ta zuba a ramin farko.

“Ramin dama shi zama daidai da na hagu.”

Ta buɗe hannun hagu a kan rami na biyu, takwas suka zuba. Cikin ƙiftawar ido ta yi shi, kamar mai sauya tukunya a murhu.

Iliyasu ya kama wuyan hannunta. Bai matse ba.

“Wa ya ce ki riƙe su ga hannu?”

Ta sunkuyar da kai. “Ba ka ce ba.”

“To, yi abin da nic ce. Shi kaɗai.”

Ya mai da 'ya'yan yadda suke. Ta ɗebi biyar daga ramin farko ta zuba a ƙwarya, ya rage uku, daidai da na dama. Ya ce ramin dama ya zama daidai da na hagu. Ta dubi uku a nan, uku a can.

“Sun riga sun zama daidai,” ta ce.

“Takwas ɗin fa?”

“Sun tahi, Malam.”

Ya zauna a ƙasa, a kan laka, da rigar aikinsa. Yanzu ya gani sarai. Duk inda babba ya haɗu da ƙarami, umarninsa yana shafe babban ne ya kwafi ƙaramin sau biyu. Injin ba shi da hannun hagu. Sai an ba shi wurin ajiya an ce masa ya ajiye, kuma wannan layi ɗaya ne tak, wanda ba zai ci gida goma a takarda ba. Ga ƙwarya can ta koma madafa ran nan yadda ta zo, ba ƙari ba ragi, a gabansa, bai tambayi dalili ba.

“Kin gani tun rannan,” ya ce. Ba tambaya yake yi ba.

“Na gani. Tun rami na hwarko na ga in na bi maganarka, babba ɓacewa za shi yi.”

“Mi ya hana ki hwaɗi?”

Ta dubi ramukan. Tana jujjuya ƙwayar tsamiya ɗaya tsakanin yatsunta.

“Rabilu na zamne shina dariya,” ta ce. “Sau biyu abin ya ƙi, shina ba mutane labari tasha-tasha. Ni ce zan buɗe baki gaban ƙanena in ce mijina ya yi kure, ga abin da ya karanta ni ban karanta ba? Na ce ma raina ka sani, gajarta magana kay yi, kamar yadda ka saba. Na ce injin Nasara ai ba ya kasa gane abin da ni nig gane.”

Fushi ya taso masa. Ya buɗe baki zai ce ai ya gaya mata kada ta yi tunani, sai ya rasa inda zai sauke maganar. A kan me zai yi faɗa? Ta yi masa kara ne, irin wadda uwarta ta koya mata, irin wadda shi kansa zai yaba in a gidan wani ya gani. Ya dubi hannun nan na hagu, fatar ta yi kaushi da daka da wanki, ya tuna shuɗiyar riga, ya tuna sunan ran Talata, ya kama tuno wasu da yawa waɗanda bai taɓa lura da su ba sai yau. Fushin ya sauka, ya bar masa gajiyar da ta fi ta da nauyi, da kunya a kanta.

“An ɗauki wasu?” ta tambaya.

“An ɗauka.”

“Baɗi fa?”

“Baɗi na tsuhwa, in ji takarda.”

Sai a nan hawaye suka zubo mata. Ba ta yi kuka da murya ba, ta dai sa bakin zane ta share.

“Da na san tahiyarka ce nika riƙe ga hannu,” ta ce, “da na watsar da su gaban Rabilu, shi yi dariya har shi gaji.”

Iliyasu ya miƙe. Ya jawo fartanya, ya haƙa rami ɗaya a gefe, ɗan nesa da jeren, na goma sha uku. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takarda mai gidaje ta ƙarshe da ta rage masa, ya fara daga gida na bakwai, ya rubuta layin da ya ɓace, ya gyara na bayansa. Bai ɗauke shi minti biyu ba.

“Wa za a kai ma wannan?” in ji Barira.

“Ba kowa. Ina son in ga ya yi, ko sau guda.”

Ta gyara zama a gaban ramin farko. Ya karanta mata: abin da ke ramin hagu a ajiye shi a ramin gefe, na dama ya koma hagu, na gefe ya koma dama. Ta bi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, hannunta na hagu a ɓoye a bayanta don kada ya yi shisshigi. Gwaji ɗari da ashirin da ɗaya, ba su tsallake ko ɗaya ba. Rana ta yi ja a bayan hayaƙin masana'anta kafin su kai ƙarshe, ramuka suka tsaya daga ɗaya zuwa goma sha biyu.

Barira ta tattara 'ya'yan tsamiya a ƙwarya, ta tsaya tana jiran ya ce wani abu. Iliyasu ya ninke takardar ya sa a aljihu ɗaya da amsar Yamai.

“Ki tashe ni da wuri gobe,” ya ce. “Motoci sittin ke jiran sikeli.”

Ranar Juma'a ce gobe, ba a lodi sai bayan masallaci, ta kuma sani. Ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa.

“Malam,” ta ce, “gobe Juma'a.”